ALWATIKA A CIKIN MUSTAƊILI: DAGA ALLON AJI ZUWA FADAMAR LOLO

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau ɗan ƙarami ne a ido, domin babu wanda ya ratsa ƙaramar sakandare bai gamu da shi ba. Malami ya zana mustaɗili a allo, watau siffa mai gefe huɗu irin ta ƙofa ko filin ƙwallo, sa'an nan ya zana alwatika a cikinsa, ya ce a nemo girman alwatikar. Galibinmu mun haddace cewa rabin gindi sau tsayi ne, muka rubuta a jarrabawa, muka ci makinmu, muka bar shi a nan. Ni kuwa abin da nake so in nuna muku shi ne, wannan ɗan zane shi ne awon gona ɗungurungum, kuma a ƙasa irin tamu ta Lolo, inda mutum ke ci daga fadama, dukiya da zumunci duk suna rataye a kansa.

Bari mu fara daidaita kalmomi don kada mu ruɗe. In na ce tsawo ko faɗi, ina nufin abin da ake aunawa da igiya ko tef. In kuwa na ce girman fili, ina nufin yawan ƙasar da ke ciki, wanda ake ƙirgawa da murabba'in mita, watau ɗan fili mai mita 1 ta kowane gefe. Gonar da ta fita mustaɗili sosai, mai tsawon mita 40 da faɗin mita 30, za a iya shata ta layi 30, kowane layi da irin waɗannan 'yan filaye 40. Shi ya sa muke cewa 40 sau 30, girmanta murabba'in mita 1,200. Ba wani sirri a ciki.

To, a ja igiya daga wata kusurwa ta gonar nan zuwa kusurwar da ke kallonta a karkace. An sami alwatika biyu, kuma kowane tela ya san cewa in ya yanka yadi haka, ya juya ɗaya ya ɗora kan ɗaya, za su hau juna cif. Saboda haka kowace 600 ce. Wannan kowa ya yarda da shi ba gardama.

Inda gardama ke tasowa shi ne in aka matsar da kan alwatikar. A bar gindinta yadda yake, watau gefen kudu mai mita 40, amma a kafa turke a gefen arewa, mita 10 daga kusurwar yamma, a ja igiya biyu daga turken zuwa kusurwoyin kudu. Nawa ne girman abin da igiyoyin suka kewaye? In ka tambayi mutum goma a bakin kasuwa, wasu za su ce ya fi rabi, wasu su ce bai kai ba, gwargwadon yadda ido ya nuna musu. Ga yadda za a raba gardamar. Daga turken nan a ja layi ya sauko sak zuwa gefen kudu. Layin ya raba gonar zuwa mustaɗili biyu, ƙarami mai 10 sau 30, watau 300, da babba mai 30 sau 30, watau 900. Ku duba da kyau, kowace igiya ta ratsa mustaɗilinta ne daga kusurwa zuwa kusurwa, ta ɗauki rabinsa. Rabin 300 shi ne 150, rabin 900 kuwa 450, a haɗa, 600 ke nan. A matsar da turken tsakiya, ko can kusa da kusurwar gabas, a sake lissafi, 600 ɗin dai za a samu. Muddin gindi bai canza ba, kuma kan alwatikar yana kan layin arewa, rabin mustaɗilin take ci, ko ta miƙe ko ta kwanta.

Har ma in turken ya zarce iyakar gonar, a ce mita 10 gabas da kusurwa amma dai bisa wannan layi na arewa, jawabin bai canza ba. Sai a ɗauki babbar alwatika mai gindi 50 da tsayi 30, wadda girmanta 750, a ɗebe ƙaramar da aka ƙara, mai gindi 10 da tsayi 30, watau 150. Saura 600. Wannan shi ne asalin abin da muka haddace. Gindi sau tsayi shi ne mustaɗilin da alwatika ke zaune a ciki, ko an zana shi ko ba a zana ba, ita kuwa rabinsa ce. Uƙlidis, masanin lissafin nan da ya zauna a Iskandariyya ta Masar kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kafa hujjar wannan a mas'ala ta 41 cikin kashi na farko na littafinsa, kuma har yau ba a sami abin gyarawa a ciki ba.

Ƙannenmu masu shirin jarrabawar WAEC, ga naku rabon kafin in fita gona. Masu shirya tambaya sun fi son su karkatar da alwatikar yadda babu gefenta ko ɗaya da ya kwanta kan gefen mustaɗili. Misali, mustaɗili mai tsawo 12 daga yamma zuwa gabas, da faɗi 8 daga kudu zuwa arewa. Kusurwa ɗaya ta alwatikar tana kan kusurwar kudu maso yamma. Ta biyu tana gefen gabas, 3 daga ƙasa. Ta uku tana gefen arewa, 4 daga yamma. Yaro sai ya ɓata minti goma yana neman gindi da tsayi, alhali ba a ba shi ko ɗaya ba. Kada ka nemi abin da ke ciki, ɗebe abin da ke waje. Alwatika uku ne suka rage a gefe, kuma kowace tana jingine da kusurwar mustaɗilin, don haka gindinta da tsayinta a fili suke: ta kudu rabin 12 sau 3, 18, ta arewa maso gabas rabin 8 sau 5, 20, ta yamma rabin 4 sau 8, 16. Jimla 54. Mustaɗilin duka 96 ne, saura 42. Akwai kuma ma'auni na duba aiki da ya kamata ku riƙe: babu alwatikar da za ta zauna cikin mustaɗili ta ci fiye da rabinsa. In jawabinka a wannan tambaya ya haura 48, to koma baya, akwai inda ka yi tuntuɓe.

Yanzu mu tafi bakin kogi. Wanda duk ya san fadamar Kwara daga Lolo zuwa Illo har Bagudo ya san da wuya a ga gonar da ta fita mustaɗili. Wannan ta bi lanƙwasar rafi, waccan ta kauce wa tudu, wata kuma hanyar shanu ta yanke mata kusurwa. Ga shi kuma ruwa ba ya barin iyaka ta zauna lafiya. Kowa na tune da ambaliyar 2012 da ta 2020, wadda ta cinye shinkafa mai ɗimbin yawa a Jihar Kabi, kuma duk shekarar da ruwa ya yi irin wannan hawa, in ya janye sai a tarar ya share kunya, ya binne turke, ya ci gaɓa a nan ya zuba yashi a can. Abin sha'awa, irin wannan matsala ce aka ce ta haifi ilmin tun asali. Hirodotus, marubucin tarihi na Girka, ya ba da labarin cewa a Masar ne aka fara awon ƙasa, domin in Kogin Nilu ya ci wani sashe na gonar mutum, sai sarki ya aiko a auna abin da ya ragu a rage masa haraji. Ita kanta kalmar jometiri da muke ji a aji, ma'anarta a Girkanci awon ƙasa. Akwai wata tsohuwar takarda ta Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda wani Bature, Henry Rhind, ya saya a 1858, yanzu tana gidan tarihi a Landan. Mas'ala ta 51 a cikinta gona ce mai siffar alwatika, gindi 4, tsawo 10. Magatakardan ya raba 4 biyu don ya mai da ita mustaɗili, ya ninka 2 sau 10, ya sami 20. Watau abin da muka yi ɗazu ke nan, shekara fiye da 3,500 da suka wuce.

Mu ma a ƙasar Hausa awon gona ba baƙo ba ne. A farkon zamanin Turawa an yi wani tsarin haraji a ƙasashen Katsina da Kano da ake kira taki, inda malaman taki ke bin gonaki suna aunawa da ƙafa, a yanka wa mutum haraji gwargwadon girman abin da yake nomawa. Har gobe kuma taki da igiya su ne kayan awon yawancin manomanmu, kuma ni ban ga laifinsu ba. Mutumin da ya saba, takinsa ba ya nisa da gaskiya. Ɓarnar tana shigowa ne wajen abin da ake yi da lambobin bayan an gama takawa.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar gefe a matsayin tsayi. A ce gayauna ce mai siffar alwatika, gindinta mita 60, sauran gefe biyun kowane 50. Mai awo ya taka gindi, ya taka gefe ɗaya, ya ce rabin 60 sau 50, 1,500. Amma tsayin alwatika shi ne layin da ya sauko sak daga kanta zuwa gindi, kamar yadda igiyar guga ke sauka rijiya, ba gefen da ya jingina kamar tsani ba. A wannan gayauna tsayin 40 ne, girmanta na gaskiya 1,200. An ƙara mata 300 da babu su a ƙasa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take da shi. Kuma kullum ƙari ake yi, domin tsani a jingine dole ya fi bangon da ya hau tsawo.

Kuskure na biyu ya fi yaɗuwa, ya kuma fi wuyar ganewa, don yana da kamar adalci. Gona mai gefe huɗu da ba su daidaita ba, sai a haɗa gabas da yamma a raba biyu, a haɗa kudu da arewa a raba biyu, a ninka. Ku ɗauki gona irin wadda muke gani a bakin rafi: gefen kudu mita 120, na arewa 40, na yamma 60 kuma ya miƙe sak, na gabas kuwa ya bi rafi a karkace, 100. Bisa waccan hanya, 120 da 40 a raba biyu 80, 60 da 100 a raba biyu 80, sai a ce 6,400. To amma mu yanka ta da idon ɗan aji biyu. Daga kusurwar arewa maso gabas a sauko da layi sak zuwa kudu. Ta yamma an sami mustaɗili mai 40 sau 60, 2,400. Ta gabas an sami alwatika mai gindi 80 da tsayi 60, ita ma 2,400. Gonar duka 4,800 ce. Bambancin 1,600, watau an ƙara mata sulusin girmanta. Wanda ya sayi wannan gona bisa lissafin farko ya biya kuɗin ƙasar da ba ta wanzu ba, kuma mai sayarwa zai iya rantsuwa da zuciya ɗaya cewa bai cuce shi ba, don shi ma haka ya ga ana yi. Kada mu ga kamar rashin wayon mutanenmu ne. A bangon wani tsohon ɗakin bauta a garin Edfu na Masar, an sassaƙa jerin gonaki kimanin shekara 100 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da wannan hanya aka lissafa su. Masana sun tabbatar cewa hanyar ba ta faɗa daidai sai gonar ta kasance mustaɗili sosai, in ba haka ba kuwa kullum sama take yi da gaskiya, ba ta taɓa yin ƙasa.

Dalilin kuwa shi ne, gefe huɗu kaɗai ba su isa su faɗi girman fili ba. Ku sami kara huɗu masu tsawo ɗaya, ku ɗaure bakunansu da zare. Za ku iya buɗe su su yi murabba'i, ku kuma matse su har su kusa haɗewa, alhali tsawon karan bai canza ba. Gona mai mita 50 ta kowane gefe tana iya zama 2,500, in kuma ta kwanta yadda tsakanin kudu da arewa 30 ne kawai, ta zama 1,500. Amma ku ɗaure kara uku ku gwada matsewa. Ba za su motsa ba. Shi ya sa kafinta ke gicciya katako a jikin ƙyaure da kan rufin kwano, shi ya sa kuma safiyo duk inda ya je alwatika yake nema. Haka nan kewaye ba ya faɗin girma. Fili mai 100 sau 100 da fili mai 190 sau 10, duk taki ɗaya za ka yi ka zagaye su, mita 400, amma na farko hekta guda ne cur, na biyu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na hekta ba.

Tun da na ambaci hekta, bari in tsaya kaɗan a kan ma'auni, don mu mutanen iyaka abin ya fi shafarmu. In ka ƙetara Madekali ko Malanbil a Jamhuriyar Benin, ma'aikatan gona da mita da hekta suke magana, gadon da Faransa ta bar musu. Mu kuwa, ko da yake Nijeriya ta koma tsarin mita tun cikin shekarun 1970, har yanzu fuloti da ƙafa muke faɗinsa, yadi da yadi, gona kuma wani ya ce eka wani ya ce hekta kamar abu ɗaya ne. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Eka kuwa 4,047, don haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Fulotin nan na ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba. Mutumin da aka ce masa buhu kaza na takin zamani ake zuba wa hekta, ya je ya juye shi a eka, ya ninka abin da ake bukata kusan sau biyu da rabi, ga asarar kuɗi ga kuma shinkafa ta yi ganye ta kwanta.

Wannan ba zancen allo ba ne kawai. A watan Nuwamba na 1915 babu wanda zai tambayi manomin Lolo hekta nawa gare shi don ya ba shi bashi, amma a watan Nuwamba na 2015, a nan Jihar Kabi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Nijeriya na bai wa manoman shinkafa lamuni, kuma da hekta aka riƙa lissafa iri da taki da magani, da ita kuma aka lissafa abin da mutum zai biya. Mu koma ga gonarmu ta bakin rafi. Mai ita ya rubuta 6,400, ya karɓi kaya gwargwadon haka, amma ƙasar da za ta fid da shinkafar biyan bashin 4,800 ce. Tun kafin ya yi shuka an riga an ci shi da sulusi. Haka abin yake ga kuɗin tarakta, da jingar masu dashe da masu yanka, da hayar fili lokacin noman rani. Duk inda aka yi ciniki da girman fili, akwai wanda kuskuren awo ke ci, kuma galibi shi ne wanda bai san an yi kuskuren ba.

To, yaya za a yi? Kayan aikin ba su wuce tef ko igiya mai alama, da 'yan turaku, da yaro ɗaya mai riƙe baki ba. In gona mai gefe huɗu ce, a ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta ratsa tsakiyar gonar. An sami alwatika biyu masu gindi ɗaya, watau igiyar. Sa'an nan daga kowace kusurwa da ta rage a auna zuwa igiyar, sak. Wanda ke shakkar ina ne sak, ya tuna cewa shi ne wuri mafi kusa: yaro ya riƙe bakin tef a kusurwa, kai kuma ka bi igiyar kana matsawa, inda tef ya nuna lamba mafi ƙanƙanta nan ne. Ko kuwa a yi dabarar magina ta 3 da 4 da 5, domin alwatikar da gefunanta suke haka, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 digiri 90 ce daidai. A ce igiyar tsakiya ta ba da 100, tsayi ɗaya 35, ɗayan 45. Rabin 100 sau 35, 1,750. Rabin 100 sau 45, 2,250. Gonar 4,000 ce, eka guda saura kaɗan. In gefunan biyar ne sai a ja igiya biyu daga kusurwa ɗaya a sami alwatika uku, in shida ne a sami huɗu. Gefen da ya bi lanƙwasar rafi kuwa sai a kakkafa turaku kusa da kusa, a ɗauke shi kamar gajerun layuka miƙaƙƙu.

Wani zai ce, in ruwa ya kwanta a tsakiya fa, ko shinkafa ta yi ciki ba a son tattaka ta? Akwai hanyar da ba ta bukatar tsayi, gefe uku kawai take so, ana jingina ta ga Hiron na Iskandariyya wanda ya rayu a ƙarni na farko bayan Annabi Isa. A haɗa gefunan uku a raba biyu. Daga wannan rabi a ɗebe kowane gefe ɗaya bayan ɗaya. A ninka rabin da ragowar nan uku, sa'an nan a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da abin da aka samu. Misali gefuna 130 da 140 da 150: jimla 420, rabi 210, ragowa 80 da 70 da 60. A ninka su duka, 70,560,000, tushensa kuwa 8,400. Da can wannan aiki ne mai sa gumi, yau kuwa kowace waya tana da kalkuleta. Na zaɓi waɗannan lambobi ne da gangan, domin alwatika mai 13 da 14 da 15 tana cikin babin awon fili na littafin Aljabara da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Shi ya nemo tsayinta ne, 12, ya ninka da rabin 14, ya sami 84. Hanya biyu, jawabi ɗaya. Su ma wayoyin da matasa ke zagaya gona da su a yau suna karanta girmanta, abin da ke cikinsu tara alwatika ne. Suna da amfani ga babbar gona, amma da yake wayar kan yi kuskuren 'yan mitoci wajen gane inda mutum yake tsaye, ga fangali ko ƙaramar gayauna ni na fi amincewa da tef.

Babban kaso na wancan littafi na Alkhawarizmi a kan lissafin gado da wasiyya yake, kuma nan ne nake ganin batunmu ya fi nauyi. Faɗin rabon kowa aikin malamai ne da alƙalai, ba nawa ba. Amma bayan malam ya ce wance tana da tumuni, namiji yana da rabon mata biyu, sai wani ya riƙe igiya ya fitar da wannan rabo a ƙasa, kuma a nan ne hakki kan salwanta ba da niyyar kowa ba. Ku ɗauki gona mai siffar alwatika, gindinta mita 120 a bakin ruwa, tsayinta 80 zuwa wajen tudu, girmanta 4,800. A ce 'yan'uwa biyu ne za su raba daidai. Abin da ido ke raya wa mutum shi ne a taka tsayin, a tsaya a rabi, a ja layi a gicciye, wannan ya ɗauki sama wancan ya ɗauki ƙasa. To, a rabin tsayi faɗin gonar ya koma 60, don haka na sama ya sami rabin 60 sau 40, watau 1,200, na ƙasa ya tashi da 3,600. An ce rabi da rabi, amma ɗaya ya sami ninki uku na ɗan'uwansa, ga kuma bakin ruwa duk nasa.

Maganin yana cikin zanenmu na farko. Alwatika duk da suka yi tarayya a tsayi, girmansu yana bin gindinsu ne, wadda gindinta ya ninka na wata, girmanta ma ya ninka. Saboda haka gindi za a raba, a ja igiyoyi zuwa kan gonar. A ce mamaci ya bar mata ɗaya da ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, babu wani magaji bayansu, an kuma fid da bashi da wasiyya. Asalin rabon 24 ne: matar 3, ɗan 14, 'yar 7. A raba 120 gida 24, kowane kaso mita 5. Matar ta sami mita 15 a bakin ruwa, ɗan 70, 'yar 35. A lissafa da tsayi 80: 600, da 2,800, da 1,400, jimla 4,800, ba ragi ba ƙari, kuma kowa ya taɓa ruwa gwargwadon rabonsa. Na san za a ce rabon matar ya fito siriri kamar wutsiya, da wuyar huɗa, kuma ƙasar bakin ruwa da ta wajen tudu ba darajarsu ɗaya ba. Gaskiya ne. Sau da yawa ya fi kyau a yi wa gonar kuɗi, ko a yi musaya da yardar juna. Amma ko musayar za a yi, sai an san murabba'in mita nawa ne hakkin kowa tukuna. Kuma mun sani, wadda aka fi tura wa wutsiyar gona a ce mata rabonta ke nan, ita ce gwauruwa ko marainiya wadda ba ta da mai riƙe mata tef.

Abu na ƙarshe ya shafi takarda. Yawancin takardun cinikin gona da ake rubutawa a gaban mai gari da shaidu, abin da ke ciki shi ne ta yi iyaka da wane ta gabas, da wane ta yamma, in an matsa a sa tsawon gefe huɗu. Mun riga mun ga gefe huɗu ba su tsai da fili ba. Duk wanda aka kira a cikinmu ya rubuta irin wannan takarda, don an san ya yi boko, to ya ƙara layi ɗaya: tsawon igiyar da ta ratsa daga kusurwa kaza zuwa kusurwa kaza. Da wannan lamba ta biyar gonar ta zama alwatika biyu da ba sa motsi. Ko ruwa ya share kunya, muddin an sami turke biyu da suka tsira, a dutse ko a gindin giginya, za a iya mai da sauran kusurwoyin inda suke da igiya biyu kawai, kuma jikan mai gonar zai iya lissafa girmanta yana zaune a ɗaki.

Shugaba, na ga lokacin da aka ba ni ya cika.